Yadda Harafin A Ya Koma "Ei": Tarihin Koyar da Haruffan Ingilishi

A cikin kalmomin da Hausa ta ara a zamanin mulkin mallaka akwai guda biyu waɗanda, idan aka bi asalinsu, ba kalmomi ba ne. En'e sunayen haruffa biyu ne, N da A, waɗanda Turawa suka gajarta sunan hukumar gargajiya da su. Di'o kuwa D ne da O, wato Baturen mulki mai kula da yanki. Talakawan da ba su taɓa shiga aji ba sun ji yadda Bature yake kiran haruffan nan, suka riƙe su yadda suka ji. Abin lura shi ne, harafin da ke ƙarshen En'e shi ne dai wanda ɗan makarantar boko yake karantawa "a" a farkon abacada. Ɗan'uwansa da ya yi makarantar Faransanci a Maraɗi ko Damagaram shi ma "a" zai ce da shi, haka Bajamushe da mutumin Italiya da na Sifen. Mai Ingilishi ne yake kiransa "ei", ya kira E da sunan "i", ya kira I da sunan "ai".

Wannan saɓani shi ne abu na farko da yaro yake cin karo da shi ranar da aka fara koya masa Ingilishi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye da yawa suna auna makaranta da yadda ɗansu yake rera haruffa daga A zuwa Z, alhali yaro yana iya rera su tsaf shekara biyu, a aza masa kalma mai haruffa uku ya kasa karantawa. Fiye da shekara ɗari huɗu ke nan masu harshen da kansu suna muhawara a kan wannan matsala: shin da sunan harafi ake fara koya wa yaro, ko da sautinsa, ko kuwa da cikakkiyar kalma?

Daga sa da gida zuwa "be" da "de"

Haruffan da ake kira na boko sun samo asali ne daga rubutun Finisiyawa, mutanen gaɓar tekun Bahar Rum a inda ƙasar Labanan take a yau. Haruffansu 22 ne, dukkansu baƙaƙe, kuma kowane harafi sunan wani abu yake ɗauke da shi wanda ya fara da sautinsa. Na farko sunansa sa, na biyu sunansa gida. Mai ilimin Larabci zai gane dangantakar nan take, domin alif da ba da jim daga tushe ɗaya suka fito, kuma har yau "baiti" gida ne. Wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa Girkawa suka ari haruffan, suka mayar da wasu daga cikinsu wasula, suka riƙe sunayen ba tare da ma'anarsu ba: alfa, beta, gamma.

Rumawa ne suka watsar da dogayen sunaye, suka ƙirƙiro tsari mai sauƙi. Wasali sautinsa ne sunansa: a, e, i, o, u, kamar dai yadda Bahaushe yake faɗarsu. Baƙin da ba ya furtuwa sai da taimako, sai a bi shi da wasali: be, ke, de, ge, pe, te. Baƙin da ake iya jan sautinsa kuwa, sai a gabatar masa da wasali: ef, el, em, en, er, es. Bayan an ƙara Y da Z daga Girkanci, haruffan Latin suka zama 23. A wannan tsari suna da sauti kusan abu ɗaya ne.

Duk da haka, tun a lokacin an fara kokawa. Quintilian, fitaccen malamin balaga na birnin Rum a ƙarni na farko, ya soki al'adar koya wa yara sunayen haruffa da jerinsu kafin su san siffarsu. Hujjarsa ita ce, yaron da ya haddace jeri ba ya ƙara duban harafin, hadda ce take jansa. Ya ba da shawarar a riƙa cuɗanya jerin, a kuma ba yara haruffan hauren giwa su yi wasa da su. Ke nan kukan da malaman firamare suke yi a yau ya girmi harshen Ingilishi kansa.

Rigar aro

Kafin zuwan addinin Kirista, mazauna Ingila suna da nasu alamomin da suke sassaƙawa a kan itace da dutse. Daga shekarar 597, lokacin da Augustine ya sauka a yankin Kent da aikin mishan, haruffan Latin suka fara kafuwa a gidajen ibada da makarantunsu. Sai dai rigar aro ce, ba ta rufe ko'ina ba. Ingilishi yana da sautukan da Latin ba shi da su, don haka marubuta suka ƙara haruffa: þ da ð don sautin da yanzu ake rubutawa th, da ƿ don sautin w, da æ don wani wasali da ke tsakanin a da e. A shekarar 1011 wani malamin ibada mai suna Byrhtferth ya rubuta jerin haruffan zamaninsa, ya sa na Latin a gaba, ya biyo da waɗanda aka ƙara. Rubutun wancan lokaci yana bin furuci gwargwado: abin da aka rubuta shi ake faɗa.

Yaƙin shekarar 1066, wanda Normawa daga Faransa suka ci Ingila da shi, ya sauya wannan hali. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, magatakarda masu horon Faransa suka shiga rubuta Ingilishi da al'adun da suka saba. Kalmar sarauniya da ake rubutawa *cwen* ta koma *queen*. Harafin C, wanda a Latin na farko k kaɗai yake wakilta, ya riga ya koma s a gaban e da i a bakin Faransawa, sai ya shigo da ayyukansa biyu, sunansa kuma ya zama "se". Sannu a hankali th ya maye gurbin þ, aka kuma haɗa u biyu don sautin w, wanda shi ne dalilin sunan "dabilyu", ma'ana u mai ninki biyu. Sunan H ma daga Faransanci ya zo, shi ya sa babu sautin h a cikinsa.

Adadin 26 da ake gani kamar tun fil azal yake, sabon abu ne. I da J siffofi biyu ne na harafi ɗaya, haka U da V, sai a ƙarni na 17 aka raba musu aiki a ɗab'i. Ko a ƙamusun Samuel Johnson na 1755, kalmomin da suka fara da I da J a haɗe suke a babi ɗaya. Har cikin ƙarni na 19 akwai makarantun da yara suke rufe jerin haruffa da alamar &, a matsayin ta ashirin da bakwai.

Wasula sun ƙaura, rubutu ya tsaya

Babban abin da ya raba sunayen haruffan Ingilishi da na sauran Turai ya faru ne tsakanin wajen 1400 da 1700. A cikin waɗannan shekaru dogayen wasulan harshen suka sauya mazauni ɗaya bayan ɗaya. A zamanin mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, kalmar *time* ana faɗarta kusan "tiima", *house* kuma "huus", *name* "naama", *see* "see" da dogon e irin na Hausa. Sai dogon a ya matsa ya koma e, daga baya "ei". Dogon e ya koma i. Dogon i ya tsage ya zama "ai", dogon u ya zama "au". Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, shi ne ya raɗa wa wannan al'amari sunan da ke nufin gagarumar ƙaurar wasula, a farkon ƙarni na 20.

Sunayen haruffa kalmomi ne kamar sauran kalmomi, don haka guguwar ta kwashe har da su. "A" ya koma "ei", "e" ya koma "i", "i" ya koma "ai". "Be" da "se" da "de" da "pe" da "te" suka koma "bi", "si", "di", "pi", "ti". Su kuwa ef, el, em, en, es, da yake wasalinsu gajere ne, suna nan yadda Rumawa suka bar su. Wannan shi ne abin da kunnen Bahaushe ya kama a cikin En'e da Di'o.

Da a ce rubutu ya bi furuci ya ƙaura, da matsalar ta zo da sauƙi. To amma a daidai wannan tsakani ne, a 1476, William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster. Ɗab'i ya fara daskarar da rubutun kalmomi a siffar da ta dace da tsohon furuci, harshe kuma ya ci gaba da tafiyarsa. K na farkon *knee* da *knight* a da ana furta shi, haka gh na *night*, amma suka faɗi daga baki suka zauna a takarda. Masana masu sha'awar Latin suka ƙara dagula lamarin: suka cusa b a cikin *debt* da *doubt* don a tuna da asalinsu, duk da ba wanda yake furta shi. Sakamakon shi ne harshe mai sautuka kusan 44, wasula kusan 20 a cikinsu, yana dogara da haruffa 26 waɗanda biyar ne kawai wasula. Haruffa huɗun nan o-u-g-h furucinsu daban ne a *though*, *through*, *rough*, *cough*, *thought* da *bough*.

Allon ƙaho da mutumin da ya ƙi sunaye

Daga ƙarni na 15 zuwa na 18, kayan karatun farko na yaron Ingila wani ɗan allon katako ne mai mariƙi. Ana manna masa takarda, a rufe ta da siririn ɓawon ƙahon sa mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa don kada ta yage. A takardar akwai alamar gicciye, sai ƙananan haruffa da manya, sai wasula, sai gaɓoɓi irin su ab, eb, ib da ba, be, bi, sannan addu'a. Wanda ya yi makarantar allo zai ga kama: a can ma da babbaƙu ake farawa, yaro ya san kowane harafi da sunansa, ambaki da min jaye da ha kuri, kafin a zo farfaru a sa wasula. Bambancin shi ne, rubutun Larabci mai wasali ba ya yaudara, fataha a ko'ina fataha ce. Yaron Ingila kuwa ana sa shi ya jera sunaye, "si, ei, ti", sannan a ce masa kalmar ita ce *cat*, alhali babu s, babu "ei", babu i a cikin abin da kunnensa ya ji.

John Hart, wani jami'in fadar Ingila, yana cikin na farko da suka fito fili suka soki wannan hanya. A littafinsa na 1569 ya lissafa cututtuka huɗu na rubutun Ingilishi: ƙarancin haruffa, da haruffan da ba su da aiki, da harafin da ya ƙwace aikin wani, da sanya harafi ba a muhallinsa ba. A 1570 ya fitar da ƙaramin littafin koyarwa wanda a cikinsa ya nemi a koya wa mai koyo sautin harafi, a bar sunansa, domin a ganinsa sunayen cikas ne. Ba shi kaɗai ba ne a Turai: Valentin Ickelsamer ya yi irin wannan kira a Jamus tun shekarun 1520. Sai dai Hart ya haɗa kiransa da neman a sake fasalin rubutun gaba ɗaya, wannan kuwa bai karɓu ba. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne na Richard Mulcaster, shugaban wata babbar makaranta a Landan, wanda a 1582 ya ce a daidaita rubutun da aka saba da shi, ya kuma buga jerin kalmomi kusan 8,000 yadda ya ga ya dace a rubuta su. Al'ada ta ci nasara, nauyin ya koma kan malami da ɗalibi.

Muhawarar ta ƙetare teku

A Amurka, Noah Webster ya wallafa littafinsa na koyon haruffa da harhaɗa kalmomi a 1783, wanda aka fi sani da launin shuɗin bangonsa. An sayar da miliyoyin kwafinsa a tsawon ƙarni na 19. Tsarinsa bai kauce wa tsohuwar hanya da nisa ba: haruffa, sai jadawalin gaɓoɓi, sai kalmomi daga masu gaɓa ɗaya zuwa masu yawa. Ƙamusunsa na 1828 ya taimaka wajen tabbatar da sunan "zi" ga harafin ƙarshe a Amurka, yayin da Ingila da ƙasashen da ta mallaka, har da Najeriya da Gana, suka riƙe "zed", wanda ya gangaro daga zeta na Girkawa. A 1835 wani mai buga waƙoƙi a Boston, Charles Bradlee, ya yi wa waƙar haruffa rajista, a kan karin wata tsohuwar waƙar Faransa. Ita ce dai ake rerawa a azuzuwan nazare a yau. Ta sauƙaƙa haddar jeri, amma tana ruga haruffa biyar daga L zuwa P a numfashi ɗaya, har yara da yawa sukan ɗauka kalma guda ce.

Horace Mann, sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts daga 1837, ya tsani wannan hadda. Bayan ya ziyarci makarantun Turai a 1843, ya yi kira da a fara da kalmomi masu ma'ana ga yaro. Shugabannin makarantun Boston 31 suka mayar masa da martani a rubuce a 1844, amma ra'ayinsa ya yi ta samun ƙarfi. Zuwa 1930, lokacin da aka fara buga jerin littattafan Dick da Jane, hanyar duba kalma a faɗe ta ta mamaye makarantun Amurka: a nuna wa yaro kalma sau da yawa har ya haddace siffarta kamar hoto. An guje wa sunayen haruffa, amma an gudu ba a tsira ba, domin yaron da ya haddace kalma ɗari uku ba shi da dabarar buɗe ta ɗari uku da ɗaya.

A 1955 Rudolf Flesch, haifaffen Ostiriya wanda ya yi hijira zuwa Amurka, ya wallafa littafi mai zafi yana tambayar dalilin da ya sa yaran ƙasar ba sa iya karatu, ya ɗora laifin a kan wannan hanya. A 1967 Jeanne Chall ta jami'ar Harvard ta tattara binciken rabin ƙarni, ta kammala da cewa hanyoyin da suke koyar da alaƙar harafi da sauti tun da wuri, a tsare, sun fi ba da sakamako.

Masu neman sababbin haruffa

Wasu kuma sun ga cewa gyaran hanya ba zai wadatar ba sai an gyara haruffan. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, ya bar wasiyyar a kashe wani ɓangare na dukiyarsa wajen ƙirƙiro sabon abjadi. An ƙirƙira, an buga littafi ɗaya da shi a 1962, bai wuce nan da nisa ba. A 1961 Sir James Pitman ya shigar da wani abjadin koyon farko mai alamomi kusan 44 a wasu makarantun Birtaniya, kowace alama da sautinta, da nufin yaro ya koma rubutun gama-gari bayan ya ƙware. Yara sun yi saurin karatu da shi, amma wajen sauyawar aka sha wuya, ga kuma ƙarancin littattafai, ga bambancin karin harshe tsakanin yanki da yanki. Kafin ƙarshen shekarun 1970 yawancin makarantu sun ajiye shi.

Gyaran da ya ɗore ya fito ne daga masu koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne. A 1886 Paul Passy, Bafaranshe mai koyar da Ingilishi, ya kafa ƙungiyar malaman harsuna a birnin Paris, bisa ra'ayin cewa furuci ake fara koyarwa kafin rubutu. A 1888 ƙungiyar ta fitar da haruffan furuci na ƙasa da ƙasa, inda kowace alama take da sauti ɗaya tak. Su ne alamomin da ake gani a gefen kalma a ƙamus. Daniel Jones na jami'ar Landan ya yi amfani da su a ƙamusunsa na furucin Ingilishi na 1917, wanda ya zama madogarar malamai a ƙasashe da dama.

Harafi ɗaya, murya biyu

Wannan reshe na tarihin ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Tun 1843 J. F. Schön ya fara buga kalmomin Hausa da haruffan Latin, amma gwamnatin mulkin mallaka ce ta mayar da boko rubutun ofis da makaranta a madadin ajami. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa. Wasulan boko sun bi sautin Latin na asali, ba na Ingilishi ba. Daga baya Vischer ya zama sakataren cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda a ƙarƙashin Diedrich Westermann ta fitar da tsarin rubuta harsunan Afirka bisa ƙa'idar masana furuci: sauti ɗaya, harafi ɗaya. A shekarun 1930, zamanin da R. M. East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗige-ɗige da waƙafan da ake sawa a da.

Ke nan abin da Hart ya nema wa Ingilishi bai samu ba, Hausa ta samu kaso mai yawa daga cikinsa. Rubutun boko bai nuna tsawon wasali da karin sauti ba, amma b a ko'ina b ne, a kuma a ko'ina a ne, kuma sunayen a, ba, ca, da suna ɗauke da sautinsu. Wahalar tana zuwa ne idan yaro ya tarar da haruffan nan a harshe na biyu da wata murya. C da ya sani a "ciki" ya zama k ko s. Harafin da ya sani "e" an ce masa "i" ne, wanda ya sani "i" an ce "ai" ne, shi ya sa ko manya sukan rikice idan ana yi musu shiftar suna harafi-harafi. P, Q, V da X babu su a abacada. Hausa ba ta bambanta p da f, kamar yadda "fensir" ya nuna, ba ta da v, ba ta da th, kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali, shi ya sa aka samu "burodi" da "sukudireba". Waɗannan ba nakasar harshe ba ne, tsarin sauti ne daban, kuma malamin da ya san su ya san inda zai tsaya ya ba da lokaci. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta yi suna wajen horar da furuci, kuma Ingilishin tsohon ɗalibinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama abin misali. Sai dai wannan horo ne na 'yan ƙalilan, waɗanda kuma sun riga sun iya karatu da Hausa kafin su isa can.

Inda aka kwana

A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai fiye da goma. A harsunan da rubutu yake bin furuci, irin su na Finlan da Girka da Italiya, yara suna karanta fiye da kashi 90 cikin ɗari na sanannun kalmomi daidai kafin ƙarshen shekarar farko. Masu Ingilishi kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku suke samu. Binciken da aka yi a gundumar Clackmannanshire ta Sikotlan, wanda ya bi yara kusan 300 tsawon shekara bakwai, ya nuna fa'idar koya wa yaro sautuka da yadda ake harhaɗa su tun daga makonnin farko. Rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000 da rahoton Jim Rose na Ingila na 2006 sun tafi a kan haka, kuma daga 2012 Ingila tana yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a tabbatar harhaɗawa suke yi ba hadda ba. Tsarin Jolly Phonics, wanda ya shigo makarantun firamare na jihohi da dama a Najeriya, ba ya farawa da A, B, C. Yana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida yaro zai iya gina kalmomi tun makon farko.

Wannan bai sa sunayen haruffa sun zama banza ba. Binciken Rebecca Treiman ya nuna cewa yara suna ciro sauti daga suna: "bi" yana koya musu b, "em" yana koya musu m. Inda sunan yake ɓatarwa shi ne H da W da Y, har yaro ya ɗauka W sautinsa d ne, Y kuma w. Ana kuma bukatar sunaye don shifta, da neman kalma a ƙamus, da karanta gajerun sunaye irin su BBC. Abin da shekaru ɗari huɗu na jayayya suka tace shi ne tsari: sauti da harhaɗawa su ne karatu, suna lakabi ne da ake kiran harafi da shi, jerin A zuwa Z kuwa kayan aikin ƙamus ne.

Ga yaron da Hausa ce harshensa akwai ƙarin abu guda. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin, ko da yake aiwatarwa ta yi rauni. Tarihin da ya gabata yana bayyana hikimar wannan tanadi ta fuskar haruffa: dabarar harhaɗa sauti sau ɗaya ake koyonta, kuma ta fi saurin kamuwa a rubutun da ba ya saɓa alkawari. Yaron da ya gane cewa b da a suna ba da "ba", ya karanta "baba" da kansa, ya riga ya mallaki abin da ɗan Ingila yake shekara biyu yana nema. Abin da ya rage masa shi ne sautukan da harshensa ba shi da su, da wasulan da suka ƙaura shekaru ɗari biyar da suka wuce. Uban da yake son sanin ko kuɗin makarantarsa suna aiki, ba waƙar haruffa zai nema ba. Ya rubuta wa yaron gajeriyar kalmar da bai taɓa gani ba, ya ga ko zai iya buɗe ta.